Daga huhun goro zuwa ƙwayar zarra: darasin da ke jiran yaran Agege

Yaron da ya tashi a Zangon Agege ko a kewayen kasuwar Jankara da ke tsibirin Legas yakan kwana da Hausa, ya yi ciniki da Yarbanci. Amma ranar da ya shiga ajin farko na babbar sakandare, da Turanci zalla ake gabatar masa da ƙwayar zarra. Abu ne da ido ba ya gani, hannu ba ya taɓawa, ga shi kuma jarrabawar WAEC ba ta ɗaga ƙafa a kansa. Nan ne ɗalibi kan koma hadda ba tare da fahimta ba.

Alhali kuwa kayan koyarwar suna bakin ƙofa. Cinikin goro ne ya zaunar da Hausawa da yawa a Agege, kuma kowane yaro ya san fari da ja duk goro ne. Haka aisotof yake: sinadari ɗaya, adadin furoton ɗaya, bambancin yana ga yawan niyutiron. Kulorin na da furoton 17, amma wani nauyinsa 35, wani 37. A kowane huɗu, kusan uku masu 35 ne. Idan malami ya jera jan goro uku da fari ɗaya, ya tara nauyin ya raba huɗu, sai 35.5 ta fito, lambar da ɗalibai ke haddacewa ba su san mafarinta ba.

Jadawalin sinadarai ma tsarin kasuwa ne: kowane layi da irin hajarsa. Lokacin da Dmitri Mendeleev na Rasha ya tsara shi a 1869, ya bar wasu rumfuna babu kowa, ya kuma siffanta masu zuwa. A 1875 aka gano galiyom, ya shige gurbinsa daidai. Yau sinadaran sun kai 118.

Lamarin ya wuce cin jarrabawa. A Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai na'urar nukiliya ta bincike, NIRR-1, wadda ta fara aiki a 2004. A 2018 aka sauya mata makamashi daga yuraniyom mai ƙarfin tacewa zuwa mai sauƙi, aka mayar da tsohon ƙasar Sin. Dukan wannan aiki ya rataya ne a kan bambancin yuraniyom 235 da 238, wato darasin goron nan.

Saboda haka, masu tsara manhaja a NERDC da jami'an Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya suna da abin dubawa: horar da malamai su yi bayani da abin da yaro ya sani, da samar da jadawali a bangon kowane aji. Wanda zai kula da na'urar Zariya gobe, wataƙila yau yana taya mahaifinsa ƙirga goro a Agege.