Allon taya: Abin da ya kamata uba ya duba a samansa kafin ya biya kuɗi

Duk wanda ya taɓa riƙe allon nan mai tayoyi huɗu da yara ke hawa suna gudu a kansa, ya san samansa na da kaushi kamar sampefar kafinta. Wannan baƙar takarda ba ado ba ce. Ita ce ke riƙe tafin takalmi a kan katako, kuma idan ta sule, ƙafa za ta zame allon ya wuce ya bar mai shi a ƙasa. Galibi wuyan hannu ne ke fara karɓar faɗuwar.

Wasan ya shiga gasar Olamfik a Tokiyo a 2021, kuma a Legas har akwai shagon WAFFLESNCREAM da ya yi suna wajen sayar da kayansa. A Arewa kuwa, yawanci ta hannun iyaye yake shigowa: ɗan kasuwa ko ma'aikaci ya saya a Kano, sabo ko na gwanjo, ya kai wa yara tsaraba gida. Idan gidan a Gaya ko Ajingi yake, inda yashi da ƙurar hunturu suka fi kwalta yawa, to lamarin takardar ya ƙara muhimmanci.

Ana yin ta ne da ɓarɓashin silikon kabaid, wani sinadari mai taurin da ya kusa na lu'ulu'u, a manne shi a kan leda mai gam a baya. Masu araha kan yi amfani da ɓarɓashin da bai kai wannan ƙarfi ba, ko gam maras riƙo, shi ya sa suke saurin sulewa. Ana auna kaushin da lamba, kuma abin lura shi ne, ƙaramar lamba ta fi kaushi. Lamba 80 ita ce aka saba gani a allunan yau da kullum. Masu lamba 36 zuwa 50 na dogayen allunan gangara ne, kuma ba su dace da yaro mai koyo ba.

A nan ne iyaye da dama ke kuskure, suna zaton wadda ta fi kaushi ta fi kyau. Yaranmu da silifa suke wasa, wasu ma ba takalmi. Takarda mai kaushi sosai tana cin tafin takalmi, tana ɗaye fatar gwiwa da yatsu, ita kuma silifa tana zamewa daga ƙafa ko da takardar ta riƙe ta. Saboda haka kuɗin kambas mai shimfiɗaɗɗen tafin roba na cikin kuɗin allo. Daga cikin sanannun samfura, Jessup ta fi sauƙin kaushi, Mob kuma ta fi riƙo, tana da ƙananan huji da ke fitar da iska lokacin liƙawa.

Falle ɗaya yakan zo da faɗin inci 9 da tsawon inci 33, wanda ya ishi yawancin alluna. A auna allon tukuna. A murza babban yatsa a kai da ƙarfi: idan ɓarɓashin ya biyo yatsa, a ajiye ta. A duba gefuna ma, domin daga nan take fara ɓallewa, musamman idan an bar allon a rana lokacin bazara har gam ya yi laushi.

Wasu kan ce ai sampefar kafinta da gam sun wadatar. Ba su wadatar ba. Bayanta yawanci takarda ce, ruwan damina ɗaya zai jiƙa ta, ta yage a daidai inda ƙafa ke takawa. Idan ba a samu ta ainihi ba, tef ɗin hana santsi da ake liƙa wa matattakalar bene ya fi kusa da ita.

Ƙura kuwa ba ta kashe takarda, toshe ta take yi. Sau da yawa allon da ake zaton ya sule, yashi ne ya cike tsakanin ɓarɓashin. Tsohon buroshin haƙori da ɗan digon ruwa za su fitar da shi, sai a goge da tsumma a bar shi ya bushe a inuwa. Kada a tsoma allon cikin ruwa, domin katakon falle-falle ne da aka haɗa da gam, zai kumbura ya rabu. Idan bayan gogewa wurin taka ƙafa na nan sumul yana sheƙi, lokacin canji ya yi: a ɗumama tsohuwar har gam ya saki, a ɗaye ta, a liƙa sabuwa daga tsakiya zuwa gefe, sannan babba, ba yaro ba, ya yanke rarar da reza.