Yoyon Ruwan Inji a Tsohuwar Mota: Gano Shi da Gyaransa

Duk wanda ya saba bin hanyoyin ƙauyukan Sanyinna a ƙaramar hukumar Tambuwal, ko ya nausa kudu zuwa yankin Kebbe da bazara, ba zai rasa ganin tsohuwar Land Cruiser ko Land Rover a gefen hanya ba, an ɗaga bonet, tururi na tashi, yaron mota ya ruga neman rijiya da jarka. Irin waɗannan motoci masu ja da ƙafa huɗu su ne ke ratsa rairayi da taɓo, su kai hatsi kasuwa, su kai marar lafiya asibiti. Sau da yawa abin da ya tsayar da su ɗan yoyo ne da aka yi makonni ana rainawa.

Inji ba ya mayar da dukkan ƙarfin man da ya ƙona zuwa tafiya. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke juya ƙafafu, wani kason ya fita ta salansa, sauran kuma ruwa ne ke kwashe shi. Tsarin ya yi kama da na jikin ɗan Adam: famfon ruwa shi ne zuciya, tiyo-tiyo su ne jijiyoyi, lagireto kuwa fata ce, inda zafi ke fita zuwa iska. A rairayi mota tana tafiya da ƙaramin giya, inji na aiki tuƙuru, iskar da ke ratsa lagireto kuma kaɗan ce, ga zafin Afrilu da kan wuce digiri 40 a ƙasar Sakkwato.

Ruwa na tafasa a digiri 100. To amma murfin lagireto yana riƙe matsi na kimanin ba 1, wanda ke ɗaga ma'aunin tafasa zuwa wajen digiri 120. Saboda haka ƙaramin tsagu yana yin ɓarna biyu: ruwa na raguwa, matsi kuma na zurarewa, sai ragowar ruwan ya tafasa da wuri. Murfin da robarsa ta mutu ma yana jawo haka, kuma shi ne mafi arahar gyara.

Bakanike mai haƙuri yakan fara bincike ne da injin da ya huce. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ta kwana. Inda ɗigo ya sauka ya nuna yankin da za a duba. Sai a bi sawu zuwa sama, domin ruwa kan gangara nesa da inda ya fito, yana barin fari-farin tabo ko tsatsa. A matsa kowane tiyo da hannu: wanda ya kumbura, ko ya yi laushi, ko ya ƙandare, ya gama aiki. Famfon ruwa yana da wani ɗan rami a ƙasansa, in ya fara ɗiga to abin da ke tare ruwa a ciki ya lalace, sai dai a sauya famfon. Akwai yoyon da ba ya bayyana sai da matsi. A nan ake ɗaura famfon gwaji na hannu a bakin lagireto, a hura, a zuba wa allurarsa ido.

In ruwa na raguwa amma ƙasa a bushe take, abin tsoro ya samu: mai yiwuwa gasket ɗin kan inji ya ƙone. Alamominsa su ne farin hayaƙi da ba ya ɗaukewa, da kumfa a bakin lagireto, da baƙin mai da ya koma kamar shayi da madara.

Tsofaffin lagireto na tagulla suna karɓar likin dalma, tiyo kuma a sauya shi tare da kilif ɗinsa. Dabarar fasa ɗanyen ƙwai a lagireto tana da tushe a kimiyya, domin furotin ɗin farin ƙwai na daskarewa tun zafi bai kai digiri 70 ba, ya toshe ƙaramar ɓula. Sai dai ƙwai bai san bambancin ɓula da siraran bututun lagireto ba, duka yake toshewa. Cire tamostat, wanda wasu kanikawa ke yi, shi ma ba ya ɗinke yoyo. Ruwan rijiya zalla kuwa yana barin ɓawo irin na cikin buta, yana kuma cin ƙarfe, don haka ake gauraya ruwa mai tsabta da ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa.

Wannan ruwa mai launi yana da nasa haɗarin. Sinadarin etilin gilaikol da ke cikinsa yana da zaƙi, amma hanta na mayar da shi asid ɗin da ke haɗuwa da kalsiyam ya zama ƙananan duwatsu masu lalata ƙoda. A gidan da yara da awaki ke kai da komo, a tare shi a mazubi mai murfi, wanda ya zube a rufe shi da ƙasa a kwashe. Direban da allurar zafi ta hau masa a daji kuwa ya tsaya, ya kashe inji, ya jira aƙalla rabin awa kafin ya taɓa murfi, domin da zarar matsi ya sauka ruwan zai tafasa nan take ya feso masa a fuska.