Takunkumi a Zangunan Ghana Lokacin Annobar Korona

A watan Yunin 2020 gwamnatin Ghana ta wajabta sanya takunkumi a bainar jama'a, ta kuma tanadi tarar sidi 12,000 zuwa 60,000, ko ɗaurin shekara 4 zuwa 10, ga duk wanda ya saɓa. Hukuncin ya yi wa mazauna zanguna nauyi ƙwarai, wato unguwannin baƙi irin su Sabon Zango da Nima a birnin Akra, inda Hausa ce harshen kasuwa da masallaci, kuma mafi yawan jama'a sai sun fita suke samun na tuwo.

Amfanin takunkumi ya samo asali ne daga yadda cutar take yaɗuwa, domin ƙwayarta tana fitowa cikin feshin tari da atishawa da magana, manyan ɗigo su faɗi kusa, ƙananan kuwa su daɗe suna shawagi a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Takunkumi yana tace wannan feshi, amma ba kowane iri ne yake tacewa daidai ba. Binciken da aka gudanar a ƙauyuka 600 na Bangaladash ya nuna cewa irin na asibiti ya rage kamuwa da kimanin kashi 11 cikin 100, ragin ya kai kusan kashi 35 ga waɗanda suka haura shekara 60, alhali na yadi bai nuna tasiri bayyananne ba.

A nan matsalar zango take a wancan lokacin, saboda na yadi shi ne wanda talaka ya fi iya saye. Teloli sun yi ta ɗinka shi da ragowar atamfa, sau da yawa falle ɗaya, ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar falle 3. Idan zafin rana ya tsananta kuma, sai a ga takunkumin ya koma ƙarƙashin haɓa, ba a ɗaga shi sai an hango ɗan sanda.

Abin da dokar ba ta iya kaiwa gare shi ba shi ne cikin gida. A gidan haya da iyalai da dama suke tarayya a famfo da banɗaki, jika da kaka suna kwana ɗaki ɗaya mai taga guda, kuma babu mai kwana da takunkumi. Tsofaffin da binciken ya nuna sun fi kowa cin moriyarsa su ne suka fi zama a irin waɗannan ɗakuna, don haka da raba musu na asibiti kyauta ta hannun limamai da sarakunan zango ya fi barazanar tara amfani.