Mutumin da ke Bayan Fiyano

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta]

Daga nan Sama Road cikin birnin Shehu muke zuwa muku. Shirinmu na musamman yau a kan wani ma'aikacin fim ne da kunnuwanku suka san aikinsa sarai, amma da wuya ku iya faɗin sunansa, wato mai haɗa kiɗan waƙoƙin finafinan Hausa.

Ku tsaya gun mai shayi a kan wannan titi, ko ku hau bayan ɗan kabu-kabu, za ku ji waƙar fim na tashi daga waya. In kun tambaya, nan take za a gaya muku wanda ya rera, a gaya muku jarumar da ta hau kanta. To, wa ya yi kiɗan? Nan kowa ke yin shiru.

Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, babu wani situdiyon kiɗan fim a ƙasar Hausa. Masu shirya fim na farko sun fi dogara da makaɗan gargajiya, irin 'yan koroso na Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. A wannan hukuma ne aka sami wani matashi, Nasir Ishaq Gwale, mai ɗan ƙaramin fiyano ƙirar Casio da ya samu tun a tsakiyar shekarun 1980. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, wanda ya daɗe yana bin diddigin wannan sana'a, ya sa Nasir a sahun farko na waɗanda suka shigo da fiyano cikin fim ɗin Hausa, kuma Nasir ɗin ne ya yi wa Ado Ahmad Gidan Dabino kiɗan fim ɗin In Da So Da Ƙauna.

Abin da ya fi burge ni da Nasir shi ne bai riƙe sana'ar a hannunsa shi kaɗai ba. Matasa sun zauna kusa da shi sun koya, cikinsu har da Alee Baba Yakasai da Muktar Kwanzuma, waɗanda daga baya suka zama ginshiƙai. Da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama ya buɗe situdiyonsa ya sayo Yamaha PSR-220 a 1996, sai aka sami na'urar da ke iya kwaikwayon ganga da sarewa da sauran kayan kiɗa a ƙarƙashin yatsun mutum ɗaya. Fim ɗin Badaƙala na 1997 ya ci moriyar haka. Bayansa Sangaya na kamfanin Sarauniya ya zo ya kama gari, har furodusoshi suka ɗauka cewa fim ba ya ciniki sai da waƙa da rawa.

[Kiɗa na ɗan lokaci]

Bari in kai ku cikin ɗakin, don ku ga nauyin aikin. Mawaƙi zai shigo da baitocinsa a takarda, karin kuma yana bakinsa kawai. Zai rera, mai kiɗa yana saurare yana lalubo muryar a kan fiyano. Shi zai zaɓi saurin bugun, ya shimfiɗa ganga, ya ɗora mata kauri, ya nemi gurbin da sarewa za ta amsa wa mawaƙi. Shi zai ce wa mai rerawa ya sauko, ko ya ce wa mace ta sake shiga don ta riga kiɗan. Mafi yawan masu kiɗan ba su karanta rubutun kiɗa a makaranta ba, da kunne suka koya, kuma kunnen nan ya girma ne da finafinan Indiya a silima da kalangun gidan biki. Shi ya sa kuke jin duka biyun a waƙa ɗaya. Bayan an gama ne jarumi zai je wurin ɗaukar fim ya motsa baki, kuma fuskarsa ce za ta fito a fasta.

Masu suka suna cewa fiyano ya kashe kiɗan gargajiya. A nan ƙasar Sakkwato, inda aka san kotson Ibrahim Narambaɗa da na Musa Ɗanƙwairo, wannan magana tana da zafi, kuma akwai gaskiya cikinta: babu na'urar da ke maganar da kotso ke yi a hannun gwani. Amma ban yarda laifin na mai fiyano ba ne. An ba shi ɗan kuɗi kaɗan da lokaci kaɗan, an ce ya maye gurbin ƙungiya guda, ya kuma yi. Furodusan da ke son kotso na gaske, makaɗa suna nan da ransu a garuruwanmu, sai ya ɗauke su ya biya su.

Don haka kiranmu ga masu shirya fim da masu sa waƙa a YouTube: ku rubuta sunan mai kiɗa kusa da na mawaƙi, ku ba shi kasonsa in waƙa ta yi kasuwa. Ku kuma masu saurare, duk waƙar da ta yi muku daɗi, ku tambayi wanda ya haɗa kiɗanta. A nan muka kawo ƙarshen shirin. Mu kwana lafiya.