Sunan Dauda: ma'anarsa, asalinsa da hukuncin raɗa shi ga ɗan Musulmi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Wani magidanci a nan Kilomita Biyar ya tare mu bayan sallar La'asar. An yi masa haihuwa, yana son ya raɗa wa yaron sunan mahaifinsa, Dauda, sai wasu samari suka ce masa ai sunan Yahudawa ne, ya nemi wani. Saura kwana uku suna, hankalinsa ya rabu biyu. Ba shi ne na farko ba, don haka muka ga ya dace a yi bayanin a fili.

Samarin sun faɗi rabin gaskiya. Asalin sunan daga Ibrananci yake, harshen Bani Isra'ila. Haruffa uku ne a rubutunsu, masu daidai da dal da wau da dal, kuma abin da mafi yawan masana harshen suka tafi a kai shi ne ma'anarsa "abin ƙauna". Malaman nahawu na Larabci ma ba su ɓoye wannan ba. Tun muna zaure aka koya mana cewa Dawud suna ne ba'ajame, shi ya sa ba ya karɓar tanwini, kamar Ibrahim da Yusuf da Isma'il. Balarabe ya ce Dawud, Bahaushe da ba ya son rufe kalma da baƙi ya ce Dauda ko Dawuda, mai rubutun Faransanci ya rubuta Daouda. A kiyaye dai, Dauda daban, dauɗa mai lanƙwasa daban, kada wasan yara ya sa a ƙyamaci sunan Annabi.

Inda suka kuskure shi ne zaton asalin harshe ne ke yanke hukunci. Da haka ne, da Musa da Haruna da Yakubu da Sulaimanu duk sun fita daga gidajenmu. Allah Ya ambaci Annabi Dawud (AS) da sunansa sau 16 a Alƙur'ani. Shi ya kashe Jaluta, aka haɗa masa mulki da hikima, aka ba shi Zabura, aka tausasa masa ƙarfe yana ƙera sulke, duwatsu da tsuntsaye suna tasbihi tare da shi. Ya tabbata a Bukhari cewa azuminsa, yau a yi gobe a sha, shi ne mafi soyuwar azumi a wurin Allah, kuma cewa daga aikin hannunsa yake ci duk da yana sarki. Wannan na ƙarshe ya kamata ɗan kasuwar Kilomita Biyar ya riƙe shi da kyau. Sannan Manzon Allah (SAW) da kansa ya sa wa ɗansa Ibrahim, kuma shi ya raɗa wa ɗan Abdullahi bin Salam suna Yusuf, alhali Abdullahin malamin Yahudawa ne da ya musulunta. Bai ce a gudu daga sunayen Annabawan Bani Isra'ila ba.

Sunan ya daɗe a hannun Musulmi. Imam Abu Dawud mai Sunan ya rasu a shekara ta 275 bayan Hijira. Tarihin Kano ya kawo Sarki Dauda wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438, a Songhai kuma Askiya Dawud ya hau a 1549.

Akwai wata tambayar da ta fi wannan nauyi a ƙasarmu. Maƙwabtanmu Kirista suna cewa David, Annabin kuwa ɗaya ne, kuma shugaban Afirka ta Tsakiya na farko a 1960 sunansa David Dacko. Tun rikicin 2013 da 2014, lokacin da sunan mutum kaɗai kan iya jawo masa halaka in ya fita unguwa, wasu iyaye suka koma rubuta David a takardar haihuwa, a gida kuma ana kiran yaro Dauda. Wasu sun yi ne don gudun wahalar da mai sunan Musulmi kan sha wajen neman takardun ƙasa. Ba mu ganin wannan kafirci ne ko saɓo, domin lafazi ne na wani harshe ga sunan Annabin Allah, kuma wanda ya yi shi cikin tsoro yana da uzuri. Kada a aibata shi a masallaci.

Amma ga wanda zai yi rajista yau, shawararmu ya rubuta Daouda. Sunan ɗan ƙasa ne, ba na baƙo ba, kuma in kowa ya ɓoye, gobe za a ce babu mu a cikin rajistar. Ban da haka, yaron da takardar makaranta ta ce David, ta gado ko ta aikin Hajji ta ce Daouda, shi zai sha wahalar gyara bayan iyaye sun kau.

Magidancin nan mun ce masa ya je ya yanka ragonsa ranar bakwai, ya sa wa yaro sunan kakansa. Allah Ya raya Dauda. Wallahu a'alam.