Mangazar da Babu Hatsi Tana Iya Zama Lakwal

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na ƙasar Gure, ku duba tashar mota da bakin kasuwa da safe. Akwai yara masu kwana nan. Waɗansu iyayensu sun rasa dabbobi sun tafi ci-rani. Waɗansu sun fito daga jihar Difa, inda Boko Haram ta fara kai hari cikin 2015. Ba su da ɗaki, ba su da lakwal.

In an tashi taimakonsu, abin da aka saba shi ne a kafa rumfar zana a ce aji ne. To, zana tana cin wuta. Cikin Afrilu 2021 gobara ta kama azuzuwan zana a Yamai, yara wajen 20 suka mutu. Cikin Nuwamba na wannan shekara aka sake yi a Maraɗi, aka rasa yara fiye da 20. A nan Gure kuma ga iska da yashi, rumfa ba ta kai damina.

Amma garuruwa da yawa suna da mangaza ta siminti da kwano, wadda aka gina don hatsi ko gyaɗa, yau tana rufe, ɓeraye ke ciki. Ita ce ajin da muke da shi a hannu.

Sai dai ba a buɗe ƙofa kawai a zuba yara. An sa maganin ƙwari a cikinta shekara da shekaru, kuma guba ne. A kwashe tsofaffin buhuna da gwangwanaye, a kira ma'aikacin gona ya duba. A wanke daɓe, a bar ta a buɗe ta sha iska. An gina mangaza don tsare hatsi daga ɓarawo, shi ya sa ba ta da taga. Magini ya fasa tagogi gabas da yamma, ya ƙara ƙofa ta biyu, don in wani abu ya faru yara su sami hanyar fita. Ban da wannan, zafin kwano a watan Afrilu ba ya barin kowa karatu.

Sauran ruwa, da salga, da abinci. Yaron da bai karya ba, bara za shi koma. Kowane gida ya iya ba da tiya guda ta hatsi lokacin kaka.

Mai gari da liman su je wurin mai mangazar da hukumar lakwal, a rubuta yarjejeniya a takarda, a nemi mushe. A nema wa yaran takardar haihuwa tun yanzu, don za a tambaye ta ranar jarrabawa.