Magaryar aure ta koma ta daji: ina matsalar take?

Wani mai garka ya kawo mana kuka. Ya sayi dashen magaryar aure, wadda ake ce wa pom di Sahel, ya yi shekara biyu yana ban ruwa. Awaki suka shiga suka cinye ta har ƙasa. Ta sake tohowa da ƙarfi, amma da ta yi ƴaƴa sai ga ƙanana irin na magaryar daji. Yana tambaya, ko mai renon itatuwa ne ya cuce shi?

To, ba lalle ba ne. Itacen aure itatuwa biyu ne a jiki ɗaya. Saiwa da gindi na magaryarmu ne ta gida, mai jure fari. Reshen sama shi ne baƙon, irin da aka kawo daga Indiya kamar Gola, wanda cibiyar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai, ta taimaka wajen yaɗawa. In baƙon ya mutu, gindin ba ya mutuwa. Shi ne zai toho, kuma nasa ƴaƴan zai ba ka.

Yaya za ka gane? Ka duƙa ka nemi wurin auren, wani ɗan ƙulli ne ko tabo a jikin gindin. Duk reshen da ya fito sama da ƙullin, na aure ne. Wanda ya fito ƙarƙashinsa ko daga cikin ƙasa, na daji ne. Za ka ga ganyensa ƙanana, ƙayarsa da yawa, ga saurin girma. Cire shi tun yana ɗanye, daga tushensa, in ba haka ba zai shanye abincin baƙon. Lokacin aske rassa ma, kada adda ta sauka ƙasa da ƙullin.

Haka abin yake ga mangwaro da lemo. Ƴan'uwanmu da ke Amurka ma suna ganinsa a furen wardi: an dasa fari ko rawaya, sanyi ya kashe saman, sai ga ja wur ya ɓullo, na gindin da ake kira Dr. Huey, mai fure sau ɗaya a shekara.

In saman ya riga ya mutu, kada ka tumɓuke. Saiwar da ta shekara biyu a ƙasa dukiya ce. Ka zaɓi reshe ɗaya mai lafiya, ka nemi ma'aikacin gidan gona ko wanda ya iya a ƙauyenku ya sake ɗaura masa aure. Sannan a yi shinge, don awakin ba su manta hanya ba.